Batirin Motar Noma Da Abin Da Kan Fasa Shi

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Duk abin da ya faru da sanadinsa, ko an gane shi ko ba a gane ba. In aka ji labari batirin tarakta ya fashe a gona ko a gareji, ya watsa wa direba ruwan batir a fuska, abin da mutane su kan ce shi ne tsautsayi ne, wai ba ya wuce ranarsa. Wani ya ce batirin ne jabu, wani ma har ya kai maganar ga sammu. Alhali kuwa masu ilmin wannan sha'ani sun daɗe da bin diddiginsa, sun tarar kusan kullum abu biyu ne ke gamuwa kafin batir ya fashe, watau wata iska da shi kansa ya ke fitarwa, da tartsatsin wuta. Iskar ita ce auduga, tartsatsin shi ne garwashi. Muddin an raba tsakaninsu, batir zai yi aikinsa har ya tsufa ya mutu bai cuci kowa ba. Raba su kuwa duk wanda ya iya riƙe sifana ya iya, in dai an faɗa masa dalili.

Kada a ɗauka maganar ƙarama ce. Batir sabo kuɗi ne masu yawa, amma in ya lalace ana sayen wani. Ido kuwa ba shi da kasuwa. Mutum ba ya taɓa batir sai ya sunkuya a kansa, saboda haka in ya fashe fuska ce ke fara karɓar ɓaraguzan akwatin da ruwan da ke ciki. Ruwan nan ya kan cinye tsumma ya bar shi kamar gara ta bi ta kansa, balle ƙwayar ido. Direban da ya makance ya rabu da sana'arsa, iyalinsa kuma sun rabu da abincinsu. In abin ya zo a farkon damina, sa'ad da manoma ke jiran a yi musu huɗa, kwana uku da tarakta za ta yi a tsaye sun isa su sa gonaki da yawa su rasa ruwan shuka.

Kafin a nemi maganin ciwo sai an san jikin mai ciwon. Irin batirin da ke cikin tarakta da motoci, wani Bafaranshe ne mai suna Gaston Planté ya ƙago shi a shekarar 1859, har yau kuwa asalin gininsa bai sake ba, sai dai gyare-gyare. In aka tsaga akwatin za a tarar an raba cikinsa ɗaki shida, kowane ɗaki da bangonsa, ba ya haɗa ruwa da maƙwabcinsa. A kowane ɗaki an jera waɗansu alluna na dalma iri biyu, an sa shamaki a tsakaninsu don kada su taɓa juna, sa'an nan aka zuba ruwan batir har ya rufe kawunansu. Ruwan nan gauraye ne, wajen kashi ɗaya cikin uku asid ne mai kaifi, sauran ruwa ne zalla. Kowane ɗaki ya kan ba da bolt 2 da 'yan kai, bolt kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin turin wutar lantarki. Ɗaki shida sun tashi bolt 12 ke nan. A bisa akwatin akwai kai biyu, ɗaya da alamar +, shi a kan sa wa jar waya, ɗaya da alamar –, shi ne na baƙar waya. Kowane ɗaki da murfinsa, a jikin murfin da 'yar ƙofa kamar kafar allura, ta nan batir ke numfashi.

Aikin batir kamar na rumbu ne, ana ɗiba ana zubawa. In direba ya murɗa makulli, an ɗiba. In inji ya tashi, sai na'urar caji da ke jikinsa ta riƙa mayar da abin da aka ɗiba. To, rumbu in ya cika aka ci gaba da zuba hatsi, zubewa ƙasa ya ke yi. Batir kuwa in ya kusa cika aka ci gaba da tura masa wuta, wadda ta yi saura ba ta da wurin zama, sai ta auka wa ruwan da ke ciki ta riƙa raba shi. Gama shi ruwa, ko da ya ke ido na ganinsa abu guda, iska biyu ce Allah ya haɗa ya yi shi, ɗaya ana ce da ita haidirojin, ɗaya oksijin. Wanda ya taɓa leƙa batir a wurin masu caji ya ga ruwan na ɓulɓulowa kamar an ɗora shi a murhu, to, iskar nan biyu ce ya ga tana fita, kashi biyu haidirojin, kashi ɗaya oksijin. Yawanta kuwa abin mamaki ne. Ruwa cikin ƙaramin cokalin shayi, in wuta ta raba shi duka, ya kan ba da iskar da ta ɗara lita 9, watau wajen rabin garwa.

Ita haidirojin ba ta da launi, ba ta da wari, don haka ba mai sanin ta taru. Ta fi iskar da a ke shaƙa rashin nauyi wajen sau 14, shi ya sa ta kan hau sama ta maƙale ƙarƙashin murfin inji ko rufin ɗaki. In ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, ta isa ta kama, tartsatsin da ta ke bukata kuwa ya fi wanda fetur ke bukata ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Duniya ta ga aikinta a fili ran 6 ga watan Mayu, 1937, a wani wuri da a ke kira Lakehurst a Amurka. Jamusawa sun ƙera wani ƙaton jirgin sama irin na balan-balan mai suna Hindenburg, tsawonsa mita 245, suka cika shi da haidirojin don ta ɗaga shi. Yana cikin sauka sai wuta ta kama shi, bai kai minti ɗaya ba ya ƙone ƙurmus, mutum 36 suka rasu. Abin da ke cikin batir ɗan kaɗan ne in an gwada da wannan, amma ta wani fanni ya fi muni, domin a can ciki haidirojin ta riga ta gauraya da oksijin, abincin wuta, daidai gwargwadon da wuta ta fi so, ga shi kuma a kulle cikin akwati. In harshen wuta ya bi ta ƙofar numfashi ya shiga, gaba ɗaya ta ke tashi, kamar albarushi a bindiga.

Batirin tarakta ya fi na motar birni shan wuya, shi ya sa ya fi bukatar kulawa. Motar birni kullum tana kan titi, batirinta na samun caji yau da gobe. Tarakta kuwa a kan kunya da tudu da kututture ta ke yini, girgiza na sassauta noti tana tsattsaga mahaɗin allunan ciki. Ƙura da laka na toshe ƙofofin numfashi. Zafin rana da na inji suna shanye ruwa. Injin dizal kuma ba shi da filogi, matsa iska ya ke yi da ƙarfi har man ya kama, saboda haka juya shi na farko ya kan ja wuta mai yawan gaske, dalilin da ya sa a ke yi wa wayoyinsa kauri kamar yatsa. Bayan duk wannan, a ƙasashen da noma ke bin damina tarakta ta kan yi watanni a ajiye. Batir kuwa ko ba a taɓa shi ba cajinsa na tsiyayewa, tsiyayar ta fi sauri da zafi, in ya daɗe babu caji wani farin abu ya kan daskare a jikin allunan ya hana su karɓa. Ran da aka yi ruwan fari sai a tarar da shi ba rai, ga masu gona tsaye, daga nan sai gaggawa ta shigo.

To, me ke sa iskar ta yi yawa har ta zama bala'i? Na fari, cajin da ya wuce kima. A jikin na'urar caji akwai wani ɗan abu da aka sa don ya tsare ƙarfin wutar kada ya wuce wajen bolt 14 da rabi. In ya lalace sai wuta ta riƙa kwarara ba linzami, batir ya yini yana ɓulɓula a gona direba bai sani ba. Alamun ba su ɓuya ga mai lura ba: akwatin ya yi zafi, gefensa ya kumbura, a riƙa jin wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ruwa ya riƙa ƙarewa da sauri, ƙwan fitilu su riƙa ƙonewa. Akwai 'yar mitar auna wuta da a ke sayarwa a kasuwa. In an ɗora ta a kan batir inji na aiki ta nuna 15 ko fiye, a kashe a nemi makanike. Na biyu, mutuwar ɗaki guda. In allunan ɗaki ɗaya suka taɓa juna, ɗakin ya mutu, sai cajin da aka shirya domin shida ya faɗa kan biyar, ya fi ƙarfinsu. Na uku, haɗa batir da abin da ya fi shi. Manyan motocin ɗaukar kaya da yawa da bolt 24 su ke aiki, batir biyu ne a jere. Wanda ya jona tarakta mai bolt 12 da irin wannan don ta yi saurin tashi, ya ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Na huɗu, ƙarancin ruwa, shi kuwa illa biyu ya ke kawowa. In ruwa ya ja baya, filin da ke samansa ya ƙaru, wurin taruwar iska ya yi faɗi ke nan. Kawunan alluna kuma sun fito sarari, su bushe, su cinye, mahaɗinsu ya yi rauni. Ran da direba ya murɗa makulli, wuta mai yawa ta zo wucewa ta wurin da ya tsage, sai ta yi tsalle, tartsatsi ya tashi a cikin akwatin kansa inda ba idon da ke gani. Wannan shi ne asirin batirin da a kan ce ya fashe haka kawai ba wanda ya taɓa shi. Na biyar, toshewar ƙofar numfashi. Wani lokaci ƙura ce, wani lokaci kuwa murfi ne ya ɓace aka toshe wurin da leda ko tsumma ko guntun kara. In iska ta rasa hanyar fita sai akwatin ya kumbura, har ya kan tsage ko babu tartsatsi. Murafen batura da yawa na yanzu an sa musu wani abu mai tare harshen wuta kada ya koma ciki, tsumma kuwa ba ya wannan aiki.

An gama da auduga, saura garwashi. Wanda ya fi bayyana shi ne wutar da mutum ke kawowa da kansa, kamar taba a baki, ko ashanar da a kan ƙyasta da dare a leƙa a ga ko da sauran ruwa. Wannan aikin tocila ne. Sai kuma wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejoji, watau gwada batir da guntun waya ko sifana, a ɗora a kai ɗaya a goga a ɗayan, in ya yi tartsatsi da ƙara a ce batir na da rai. Mai yin haka da hannunsa ya ke ƙyasta wuta a bakin ƙofar da iska ke fita. Ya yi sau ɗari bai ga kome ba, domin iskar ba ta taru ba, sai ya ɗauka haka abin ya ke. Ran da ya yi wa batirin da aka sauke daga caji yanzu-yanzu, ranar ce a ke kira ranar tsautsayi. Gama batir ko an cire shi daga caji bai gama fitar da iska ba, ƙwayoyinta na nan maƙale a jikin alluna, girgiza kaɗan sai su taso.

Akwai kuma tartsatsin da sifana ke yi ba da nufi ba. Don a gane shi sai a san cewa ɗaya daga cikin wayoyin batir biyu ba ta zuwa nesa, a jikin ƙarfen tarakta a ke ɗaure ta, har ƙarfen motar duka ya zama kamar waya guda. Ita ce wayar jiki. In mutum ya fara kwance ɗaya wayar alhali ta jiki na ɗaure, wutsiyar sifana ta taɓa kowane ƙarfe, to, ya haɗa kai biyu ke nan, wuta ta tashi, har sifana ta iya yin ja, zoben da ke yatsa ya ƙona nama. Amma in wayar jiki ya fara kwancewa, ko sifana ta taɓa ƙarfen motar ba abin da zai faru, da ya cire ta kuwa hanya ta yanke. Ƙa'idar gajeriya ce: a kashe inji da fitilu, a zare makulli, a tuɓe zobe da agogo, wayar jiki ita ce farkon fita, ita ce kuma ƙarshen shiga. A taraktocin yanzu wayar jiki ita ce ta kai mai alamar –. Amma tsofaffi da yawa da aka ƙera a Ingila, irin 'yar Ferguson mai ruwan toka da aka yi ta ƙerawa a birnin Coventry daga 1946 zuwa 1956, kai mai alamar + a ke ɗaure musu a jiki. Saboda haka kada a dogara ga launin waya, a bi ta da ido a ga inda ta ƙare.

Kan batir da ya saki shi ma maƙera ce ta tartsatsi, duk sa'ad da tarakta ta girgiza sai ya ɗan ƙyasta. Waɗansu su kan buga shi da dutse, ko su cusa ƙusa a tsakani don ya kama. Ƙusa ba ta hana motsi, bugu kuwa ya kan tsaga mahaɗin ciki. Abin yi shi ne a kwance, a kankare, a ɗaure da sifana, in maƙalin ya cinye a sake shi. Farin garin da kan taru a kai a wanke shi da ruwan kanwa, gama kanwa na kashe kaifin asid, amma murafe su kasance a rufe kada ko ɗigo ya shiga ciki ya kashe na ɗakunan. In ya bushe an ɗaure, a shafa ɗan girisi. Da hunturu kuma da wani abin lura. Wanda ya taɓa tuɓe rigar nailan a duhu cikin bushewar hunturu ya kan ga 'yan tartsatsi suna ƙas-ƙas. Wannan ɗan abin ya isa ya kunna haidirojin, shi ya sa ba a goge bisan batir da busasshen tsumma, sai mai laima. In kuwa za a yi walda a jikin tarakta, a fara cire batir a kai shi nesa.

Aron wuta, watau tada tarakta da batirin wata mota, shi ne inda auduga da garwashi suka fi kusantar juna, domin duk sa'ad da aka maƙala waya ta ƙarshe sai an sami ɗan tartsatsi. Tun da ba a iya hana shi, dabara ita ce a zaɓar masa wurin da zai tashi. Da fari a duba batirin da ya mutu. In ya kumbura, ko ya tsage, ko ruwansa ya yi ƙasa da alluna, kada a jona shi. A tabbata su biyun ƙarfinsu ɗaya, 12 da 12. A tsai da motocin kusa, amma kada jikinsu ya taɓa juna, a cire giya a ja birki, a kashe kome. Sa'an nan, ga tarakta irin ta yanzu, a ɗauki jar waya a maƙala bakinta a + na mataccen batir, ɗaya bakin a + na mai rai. A ɗauki baƙar waya a maƙala a – na mai rai. Bakin da ya rage, shi ne na huɗu, ba a kai shi kan mataccen batir, sai a maƙala shi a wani tsabtataccen ƙarfe na jikin injin taraktar, nesa da batir, nesa da hanyar mai. In tartsatsi ya tashi a can, ba iskar da zai tarar. In inji ya tashi a cire su da baya da baya, na ƙarshen shiga ya zama na farkon fita. Wanda ya juya wayoyi, ya kai + ga –, ya jawo wutar da ta fi ta sifana, don haka in dare ne a haska da tocila a karanta alamar kafin a maƙala.

Wurin caji shi ma da ladubbansa. A yi shi a rumfa ko inda iska ke ratsawa, ba a ɗakin kwana ba, ba kuma kusa da murhu ko janareto ko mai walda ba. A maƙala wayoyi a kan batir tukuna, sa'an nan a kunna na'urar. In an gama a fara kashe ta, a ɗan dakata, kana a cire wayoyin, gama wanda ya fizge su wuta na gudu ya yi tartsatsi a daidai lokacin da iska ta fi yawa. Caji a hankali ya fi na gaggawa. Masu sana'ar su kan kimanta shi da kashi ɗaya cikin goma na lambar girman batirin, watau in an rubuta 100 a jikinsa, a ba shi wajen amfiya 10, amfiya kuwa ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudu. In akwatin ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, a tsaya ya huce. Bayan caji a bar shi ya huta a sarari kafin a mayar da shi mota. Wannan magana ta shafi masu batirin hasken rana a gidaje, in dai irin na dalma da ruwa ne, gama numfashinsu ɗaya.

Sauran aikin kulawa ce ta yau da kullum, ba ta kuwa da wuya. Lokacin aiki a duba ruwa mako-mako, ya kasance ya rufe alluna da kamar faɗin ɗan yatsa, kada kuma a cika har baki. Abin da a ke ƙarawa tataccen ruwa ne wanda a ke sayarwa domin batir. Ba a ƙara asid, domin ruwa ne ke tafiya, asid na nan inda ya ke. Ruwan rijiya da na famfo suna ɗauke da gishiri iri-iri masu ɓata alluna. A ɗaure akwatin da maɗaurinsa kada ya riƙa tsalle, kada kuma a mai da bisansa wurin ajiye sifana da noti. In aikin shekara ya ƙare a cire shi, a wanke bayansa, a cika shi da caji, a ajiye a inuwa inda yara ba su kai, a riƙa sabunta cajin wata-wata. Cikakken batir mai hutawa ya kan nuna wajen 12.6 a mita, in ya sauko ƙasa da 12.4 yana neman caji. Irin baturan da a ke yi a rufe, waɗanda ba a ƙara musu ruwa, sun rage wahala, amma su ma suna da ƙofar numfashi a ɓoye, in caji ya yi musu yawa su kan fitar da iskar, su kan kuma fashe. Ba a ɓalle murfinsu, in sun gaza sai a sake.

In duk da haka abin ya auku, minti na farko ya fi sauran daraja. Ruwa shi ne magani, ruwa mai tsabta mai yawa, ko na sha ne ko na buta. A kwantar da mutumin, a buɗe fatar idonsa da yatsu ko yana ƙi, a yi ta kwarara ruwa ba tsayawa har aƙalla minti 20, a karkata kansa don kada abin da ya fito daga ido ɗaya ya shiga ɗayan. Kada ya murza. Kada a sa kanwa, ko nono, ko manja, ko tozali; kanwar da ke wanke kan batir ita ma ƙona ido ta ke yi. A tuɓe rigar da ta jiƙe a wanke fatar da ruwa. In wani ɓaraguzo ya soke cikin ido kada a yi ƙoƙarin zare shi. Daga nan sai asibiti, ko da zafin ya lafa. Saboda wannan ya kamata kowace tarakta ta fita gona da jarkar ruwa mai tsabta, kowane mai taɓa batir kuma ya sa farin tabarau na kariya, ya riƙa kau da fuskarsa gefe sa'ad da ya ke maƙala waya. Akwatin da ya fashe a kwashe shi a kai wa masu sayen tsofaffin batura, kada yara su yi wasa da shi, gama dalma dafi ce.

Nauyin wannan al'amari bai tsaya ga direba kaɗai ba. Mai tarakta da ya ƙi sayen murfi ko maƙali don ƙyashin 'yan kuɗi, da mai gona da ya tsaya a kan direba yana azalzalarsa ya tada mota ko ta halin ƙaƙa, da babban makaniken da yaransa suka ga yana gwada batir da sifana suka koya, duk suna da hannu. Maƙala wayoyi huɗu a kan tsari bai fi minti biyu ba, sauri kuwa an ce ya haifi nawa. Wanda Allah ya ba shi ikon karatu, ko da girma ya koya, yana da abin da zai taimaki 'yan'uwansa da shi a nan. Shi ne zai duba jikin akwati ya ce wannan + ne, wannan – ne, wannan 12 ne, wancan 24, ya karanta wa yaran mota gargaɗin da masu ƙira suka rubuta. Yaron da aka gaya wa kada ya ƙyasta ashana a kan batir zai iya mantawa. Amma in an bayyana masa akwai iskar da ba a gani tana fita ta ƙofar murfin, aka nuna masa ƙofar da yatsa, da wuya ya sake kusantar wurin da wuta. Allah ya kiyaye idanun masu aiki, ya ba da damina mai albarka.